Kwamfutar Hannu Ta Kwance: Batir Ne Ko Zafi Ne?

A 'yan shekarun nan kwamfutar cinya ta shigo harkarmu, musamman wurin sakatarori da yaranmu masu riƙe mana lissafi. A cikinta ake rubuta yawan shanun da aka loda daga kasuwar Gene zuwa Faraku ko Kwatano, da bashin da ke kan mahauta, da la'adar dillalai, da canjin sefa zuwa naira. Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya a 2023, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, lissafin ya ƙara rikicewa, domin hanya ta sauya, kuɗin ɗauka ya sauya, bashi kuma ya daɗe bai dawo ba. To a nan Tumbutu (ta ƙasar Malanbil muke nufi, ba ta Mali ba) kusan duk kwamfutar da ke hannunmu ta hannu ce, wato 'yar Kwatano. Kukan da ake kawo mana iri biyu ne: batir ba ya riƙe wuta, kuma na'urar ta yi nauyi kamar tsohon sa a damina.

Abin da muka gano shi ne, sau da yawa waɗannan biyun ciwo ɗaya ne, kuma tushensa zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin bakin Kwara yakan haura digiri 40. Kafin nan hunturu ya riga ya cika ramukan iskar kwamfutar da ƙura, ga ƙurar kara a kai. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, an gina ta ne ta rage gudu da kanta in ta ji zafi ya yi mata yawa, don kada ta ƙone. Shi kuwa batir irin na lithiyom, ba abin da ke tsufar da shi da sauri kamar zafi. Sai mutum ya ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma, ya toshe mata numfashi, sannan ya ce an sayar masa da mushe.

Saboda haka kafin a kashe ko sisi, a kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya busa fanka, ya sake man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, don wannan man yakan bushe bayan shekaru. A riƙa ɗora ta a kan tebur ko faifan katako. Kada a bar ta cikin mota a rufe ranar kasuwa.

Na biyu ita ce caja, kuma nan ne aka fi cutuwa. Kowace caja akwai lambar ƙarfinta a jikinta, 45W ko 65W ko 90W. Kwamfutar da ke son 65 in aka ba ta 45, za ta kunnu, amma tana iya rage gudu. Wasu samfura, kamar na Dell, suna tantance cajar ne ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta. In tsinken ya lanƙwashe, ko cajar jabu ce, sai kwamfutar ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa. Mai ita sai ya sayi sabon batir, alhali kuwa batirin lafiyarsa ƙalau. Yadda za a gane: a danna Ctrl da Shift da Esc tare (a madannan Faransanci Ctrl, Maj, Échap), a duba shafin furosesa. In gudunta ya maƙale ƙasa da 1 GHz ko ana aiki, a ari cajar asali a gwada tukuna. A kuma duba ko an bar Windows a kan tsarin tsimin batir, don shi ma da gangan yake rage gudu.

Shi kansa batirin yana da haƙora, kamar yadda ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa. A buɗe baƙin allon umarni a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto. A nemi lamba biyu: DESIGN CAPACITY, ƙarfinsa ranar da aka ƙera shi, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake iya ɗauka yau. In ta biyun ta sauko rabin ta farko, batirin ya tsufa, ba addu'ar mai shago da za ta dawo da shi. A yi wannan a gaban mai sayarwa, kafin a sallama. Wanda ya hana ka dubawa, ka san inda aka kwana. In kuwa aka ga ƙasan kwamfutar ya kumbura ko wurin shafa yatsa ya ɗago, to a daina caji nan take a cire batirin, domin yana iya kama wuta.

Idan an share ƙura, caja ta yi daidai, nauyin bai tafi ba, sai a duba ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa a musanya shi da SSD, RAM kuma in 4GB ce a kai ta 8GB. A ganinmu wannan ya fi sake sayen wata kwamfutar amfani nesa ba kusa ba. Mai niyyar sayen wata kuwa ya sani Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana neman furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama.

Kafin a miƙa wa mai gyara, sakatare ya kwafe littafin bashi a filashi, a ajiye shi wurin ma'aji. Littafinmu na takarda ma a ci gaba da cika shi duk ranar kasuwa.