Fa'ida A Kan Ilmin Jabaru Da Muƙabala

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, ku sani cewa lissafin nan da yaranmu suke kira aljebra, asalin sunansa jabaru da muƙabala. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa littafinsa a kansa a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban sashe na littafin a kan wasiyya da gado yake. To, ilmin da ke tsare haƙƙin maraya bai kamata malami ya ƙyamace shi ba.

Ga mas'ala. Magada sun gaji filin rumfa. Takarda ta ce girmansa mita murabba'i 91, tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 6, amma turakun iyaka sun ɓace, maƙwabci kuwa yana matsowa. Nawa ne faɗin?

Faɗin da muke nema shi ake kira jizri, wato saiwa. In an buga shi cikin kansa sai a kira shi mali. Tun da tsawo faɗi ne da ƙarin 6, mali ɗaya da jizri 6 su ne 91. Raba 6 biyu, ka sami 3. Buga 3 cikin kanta, 9 ke nan. Ƙara ta a kan 91, ya zama 100. Hikimar ƙarin ita ce, da shi filin ya cika murabba'i sosai, kowane gefe nasa faɗi ne da ƙarin 3. Saiwar 100 kuwa 10 ce. Ɗebe 3, saura 7. Ashe faɗi 7 ne, tsawo 13, in ka buga su 91 za ka gani.

Sai dai a kula da wani abu. Wanda ke bin bashin 10 da wanda ake bi, yawan kuɗin ɗaya ne, fuska ce ta saɓa. Wannan yawan, ba tare da duban riba ko bashi ba, shi ake kira ƙima muɗlaƙa. In an ce buhu ya saɓa wa kilo 50 da 2, ko dai 52 ne ko 48. Haka nan 10 ta riba da 10 ta bashi, kowace aka buga cikin kanta 100 take bayarwa. Saboda haka mas'alarmu tana da amsa ta biyu: bashin 10 aka ƙara ɗebe 3, ya zama bashin 13. Alhawarizmi bai lissafa irin wannan ba, malaman bayansa suka karɓe ta. A nan mun ajiye ta, domin ƙasa ba ta da faɗin bashi. Amma a lissafin ciniki kada ka yar da ita sai ka duba, wataƙila hasara take faɗa maka.

Mai karatu ya gwada wannan kafin mako mai zuwa: girma 60, tsawo ya ɗara faɗi da 4. Allah Ya ƙara mana fahimta, amin. Wassalamu.