Yamai: Abin da ke sa baƙar robar mota koɗewa, da dabarun da ke ƙara lalata ta

A unguwar Kalley da ke tsakiyar birnin Yamai, dab da Babbar Kasuwa, ba sai an buɗe inji ba kafin a gane motar da ta daɗe tana shan rana. Fentin jikinta na iya zama da sauran ƙyalli, amma baƙar robar bamba, da ta madubin gefe, da wadda ke ƙasan gilashin gaba duk sun koma ruwan toka, kamar an barbaɗa musu gari.

A da, ba kowa ke damuwa da wannan ba. Amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyakar Nijar da Benin da ya biyo baya, hanyar da aka saba shigo da motocin hannu daga tashar jiragen ruwan Kwatano ta toshe. Kaya da yawa sun koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso. Hakan ya sa mutane ke lallaɓa motar da ke hannunsu, mai son sayarwa kuma yake neman duk abin da zai sa tasa ta yi kyan gani a idon mai saye.

Akasarin wannan roba ana yin ta ne da wani nau'i da ake kira polipropilin, a gauraya shi da baƙin launi na gawayi. Hasken rana na ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke tsinka ƙwayoyin saman robar sannu a hankali, iska kuma ta ƙarasa aikin. Sai saman ya bushe ya yi ƙananan tsage, ya riƙa watsa haske maimakon shanye shi. Wannan ne farin da ake gani, alhali baƙin na nan a ƙasa. A Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu, ga wanki da garin sabulun tufafi, lalacewar na zuwa da wuri.

Dabarun gaggawa da aka sani a wuraren wankin mota suna da yawa, kuma duk suna baƙanta robar nan take. Baƙin man inji yana kama ƙura, cikin 'yan kwanaki robar ta fi da muni, kuma yawan taɓa shi da hannu na cutar da fatar yaran da ke aikin. Man birki ya fi haɗari, domin idan ya ɗiga a jikin mota yana cin fenti. Man gyaɗa da man goge takalmi kuwa wanki ɗaya ko ruwan sama ɗaya ke tafiya da su.

Akwai kuma masu gasa robar da na'urar hura iska mai zafi ko wutar gas. Zafin na narkar da saman da ya bushe, baƙin ya dawo kamar sabo. Sai dai bayan wani lokaci farin kan dawo da dabbare-dabbare, kuma maimaita gashin na sa robar ta yi gautsi har ta fashe. Hannu ya ɗan daɗe a wuri ɗaya, bamba ta lanƙwashe.

Gyaran da ke ɗorewa yana farawa ne da wanki. A goge robar da buroshi da sabulu mai laushi, a bar ta ta bushe sarai, sannan a share ta da alkol don cire duk wani maiƙon da aka taɓa shafawa. A liƙa salatif a gefen fenti, a shafa maganin da aka yi domin roba, wanda ke ɗauke da baƙin rini, a inuwa, lokacin da jikin motar ya huce. Idan robar ta lalace sosai, sai mai fenti, wanda zai fara fesa sinadarin da ke sa fenti kama roba, in ba haka ba ya ɓare. Bayan nan, ajiye mota a inuwa ko rufe ta da tampol ya fi kowane magani araha.

Ga mai saye, musamman 'yan ci-rani da ke turo kuɗi daga Abijan, Legas ko Faransa bayan sun ga mota a hoton WhatsApp, baƙar bamba mai sheƙi ba shaida ba ce. Wanda aka wakilta ya goga farin ƙyalle a jikinta: idan ya fito da maiƙo, kwalliyar kasuwa ce. Ya kuma duba saman dashbod, robar ƙofofi da fitilun gaba, domin ranar da ta ci bamba ba ta ƙyale su ba, kuma gyaransu ya fi tsada.