Mai Gyaran Gas da Kunnen Uwargida

A Attantane, ruwan zafi da itace ake samunsa. Gidan da aka yi haihuwa za ka tarar da babbar tukunya bisa murhu tun asuba, ana tura mata kara da itace don wankan jego, safe da yamma har kwana arba'in. Idan hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, tsoho da yaro kowa na son ruwan ɗumi ko don alwala. Itace kuwa ba banza ba ne a ƙasar Mayahi, inda manomi ke tattalin kowane gawo da kalgo da ya tsiro a gonarsa. Ta wannan ƙofar gas ya shigo. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a Nuwamba 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana na man Agadem, tukunyar gas mai kilo 6 da mai kilo 12.5 suka bazu daga Maraɗi zuwa Tasawa da Mayahi. Sana'ar gyaran kayan gas ta biyo sawunsu.

Jakar mai wannan aiki ba ta da nauyi: sifana, filaya, zaren ɗaure bakin bututu, tsohon buroshin haƙori, batir, sai gorar ruwan sabulu. Yawancin cinikinsa kan murhun ƙaramar tukunya ne da ya toshe. Babban aikin, wanda ake bambanta gwani da ɗan koyo a kansa, shi ne na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas, wadda masu aikin ke ce wa shofo. Ba kasafai ake ganinta a ƙauye ba, domin sai da ruwan famfo mai ƙarfi take tashi. Ɗan Attantane da ya gina gida ya ɗora tanki a sama, daga birni zai ɗauko mai haɗa masa.

Yadda take aiki abin sha'awa ne. Ba ta ajiye ruwa. Da an buɗe famfo, ƙarfin ruwa zai tura wata roba a cikinta, robar ta buɗe wa gas hanya, batir ya ƙyasta, wuta ta kama ƙarƙashin murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ruwan ke bi. A rufe famfo, wuta ta mutu nan take. Shi ya sa idan tanki bai yi tudu ba, ko ruwa ya yi sanyin gudu, sai ta yi shiru, masu gida su ce ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Rabin kiran da ake yi wa mai gyara irin wannan ne, kuma a ganina nan gwanintarsa take. Ɗaure bututu kowa na iya koya cikin wata guda. Abin da ke da wuya shi ne ya tsayar da uwargida gaban na'ura ya koya wa kunnenta da idonta abin da yake daidai. Zai buɗe famfo ya ce, "Hajiya, saurara." Ƙas-ƙas-ƙas na ɗan lokaci, sai fuu a hankali. Wannan lafiya ce. Ruwan farko ya fito da sanyi, wanda ya kwana a bututu ne. Bayan an rufe a ji ƙarfe na ɗan ƙara, hucewa yake yi. Wata na'urar takan kashe kanta bayan minti 20, haka aka ƙera ta don kariya. Tukunya ta yi gumi ko ta yi sanyi ƙarara ana cikin aiki, shi ma ba ciwo ba ne: gas ɗin ruwa ne a ciki, yana zuƙar zafin jikin tukunyar kafin ya zama iska. Da asubar hunturu ma ƙarfinsa kan ragu. Wasu sai su kusanta tukunyar da garwashi wai ta farfaɗo, abin da ke sa mai gyara ya riƙe kai.

Daga nan sai ya sa uwargida ta leƙa ɗan ramin da ake hango wuta. Shuɗiya ce, tsaye, a jere. Ranar da ta koma rawaya tana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara shafa bango a saman na'urar, a rufe tukunya a kira shi. Haka idan ta yi ta ƙyastawa sannan ta kama da bum, ko aka rufe famfo wuta ta ci gaba da ci. Wutar rawaya na nufin gas bai samu isasshiyar iska ba, ga shi da cin iska, don kowane awo ɗaya nasa na buƙatar kusan awo 31 na iska. Idan bai samu ba sai ya fitar da guba marar wari marar launi. Mai wanka zai ji kansa na sara, jiri da tashin zuciya su biyo, ƙafa ta kasa ɗaukarsa zuwa ƙofa. A wurinmu kuwa, wanda ya faɗi a banɗaki, aljanu ake fara zargi.

Saboda haka mai gyara na ƙwarai yakan yi gardama da maigida. Alhaji na son a kafa na'urar cikin makewayi, kusa da hannu, a kuma toshe taga saboda sanyi da ƙura. Shi kuma zai ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ban sa ta nan." Waje yake nema mai iska, ƙarƙashin rumfa, da bututun hayaƙi da ya leƙa sama, tukunya kuma a tsaye, nesa da rami ko kwata, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya idan ya zuba. Wani lokaci ya rasa aikin, a kira wanda ba ya musu.

Warin da ake ji idan gas na yoyo, da gangan aka zuba shi don hanci ya kama. Mai gyara ba ya neman wurin yoyo da ashana. Ruwan sabulu yake shafa wa kowane mahaɗi, inda kumfa ta kumbura nan ne. Yakan nuna shekarar da aka buga a jikin tiyo, ya ce idan ta wuce a sake ko da bai tsage ba, don zafin bazara na busar da roba.

Maganar kuɗi ma ba ya ɓoye ta. Shofo mai ba da lita 10 a minti na shan wajen kilo ɗaya da rabi a awa, ke nan ƙaramar tukunya awa huɗu za ta yi ana kwarara. Gidan da ke da mai jego gara su nemi babba.

Kasuwar mai gyara takan buɗe bayan kaka. Na'urar ta yi watanni a rufe, ƙura ta cika ramukan wuta, batir ya zube, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka cikin bututun hayaƙi. Sai ya kwance murfi, ya goge ramukan ɗaya bayan ɗaya da buroshi, ya zura sanda ya fasa ginin zanzaro, ya sa sabon batir, sannan ya kira uwargida ta buɗe famfo da hannunta.