Bayan Ritaya: A Ɗaure Kaya Ko A Zauna?

 Shirinmu na musamman na yau zai leƙa gidan ma'aikacin da takardar ritaya ta iso gare shi.

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, da mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa, sai ya miƙa makullin ofis. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ƙara wa wa'adi zuwa shekara 65, ko 40 a bakin aiki. To, ranar da aka sha lemo, aka ba ma'aikacin agogon bango na ban kwana, a daren nan ne maganar take tasowa: a ci gaba da zaman birni, ko a koma mahaifa?

Akwai wani dattijo da na sani, ya shekara talatin da ɗoriya yana aiki a Kaduna. Tun yana ƙaramin ma'aikaci yake gini a garinsu, bana bulo ɗari biyu, baɗi bandir ɗin kwano. Da ya ajiye aiki sai ya sayar da gidan Kaduna ya koma. Watan farko abin sai wanda ya gani: 'yan sannu da zuwa, ƙwaryar fura, zabbi har da ɗan akuya. A wata na uku ya fara lura cewa masu sallama da sassafe ba gaisuwa kaɗai ke kawo su ba. Wannan matarsa ta haihu, wancan kuɗin taki, ga mai neman a sa ɗansa aiki. A idon mutanen gari har yanzu shi babban ma'aikaci ne, ba wanda ya san abin da ke shigo masa a wata bai kai rabin albashinsa na da ba. Sa'o'insa kuwa da dama sun riga mu gidan gaskiya. In ya zauna a majalisa ana hirar iyakar gona da farashin gero, shi bai san kan zancen ba. Har yau "na Kaduna" suke ce masa. Ashe da gaskiyar masu cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma maganar da ta fi tsaya masa a rai ta uwargida ce. Wata rana da daddare ta ajiye masa tuwo ta ce, "Alhaji, kai ka dawo gida, ni kuwa baƙunta ka kawo ni." Islamiyyarta, 'yan adashinta, maƙwabtan da suka yi mata wankan jego, jikokinta, duk suna Kaduna. Kuma ba wanda ya tambaye ta kafin a loda kaya a mota. Wannan fa laifi ne da mu maza muka saba yi.

Sai batun jiki. Hawan jini da ciwon suga ba sa jiran ranar kasuwa. Likitan da ya san fayil ɗin dattijon yana asibitin Shika, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace tafiya sai ta ci wani yanki na fanshon.

Kada dai a ce na ɓata ƙauye. Birni ma cin ɗan fansho yake yi, musamman wanda ke gidan haya. Tun da gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da alawus kuɗi a 2003 aka sayar da gidajen gwamnati da yawa, zancen kwatas ya ja baya. A tsarin fansho na adashin gata, wanda aka fara a 2004 aka gyara a 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki kashi 10, kuma abin da ya taru shi za a riƙa gutsuro masa. Haya, wuta, ruwa da gas kan lashe shi kafin tsakiyar wata. A gida kuwa ga rumbu, ga fili, ga girman da ake ba dattijo wajen sulhu da ɗaurin aure. Sai dai wasu garuruwan, a Zamfara da Katsina misali, rashin tsaro ya riga ya yanke wa mutane shawara.

Ni dai a ganina, kada ka sayar da gidan birni a shekarar farko. Sa ɗan haya a ciki. Je ka yi damina ɗaya da rani ɗaya a garinku, ka ga hanyar in ruwa ya sauka, ka auna nisan asibiti da dare.

Kai da ya rage maka shekara biyu ko uku, yau bayan sallar isha ka kira Hajiya ku zauna, ka fara jin ta bakinta kafin ka faɗi naka. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.