Daren da taurari bakwai suka jeru bisa Adar

Ranar Juma'a 28 ga Fabrairu 2025, da almuru, jama'a sun fito suna duban yamma, suna neman jinjirin watan Azumi. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a wannan maraice duniyoyi bakwai masu zagaya rana tare da tamu suna jere a sama, daga mafaɗar rana har zuwa gabas. A Turai da Amurka an yi ta shirya bukukuwa, iyaye da yara suna layi gaban madubin hangen nesa. Mu nan Tawa abin da ya iso mana shi ne saƙonnin WhatsApp, wasu har suna cewa alamar wata musiba ce.

Babu musiba a ciki. Duniyoyin nan duka suna zagaya rana kusan a kan shimfiɗa ɗaya, kamar ƙwayoyi bisa faifai, shi ya sa kullum muke ganinsu a kan hanyar da rana da wata suke bi. Ba su taɓa juna ba, ba su kuma miƙe sambal kamar sahun salla ba. Abin da ba a cika samu ba shi ne su taru a gefe ɗaya na sama cikin dare guda.

Biyar daga cikinsu ido yana ganinsu, kuma malamanmu sun daɗe da sanin sunayensu: Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhal. Uranus da Naftun sai da madubi. A daren, Zuhal ya yi kusa da rana ƙwarai, Uɗaridu kuma yana can ƙasa-ƙasa inda hazo yake zama a wannan lokaci na shekara. Amma Zuhura, wato Zara matar wata, ta haska yamma yadda ba mai kuskurenta. Mushtari yana kusan tsakar ka, ba nisa da Kaza da ƴaƴanta, Mirriku kuma ja-ja daga gabas. Kafin ƙaramar salla Zara ta ɓace daga yamma, ta koma fitowa da asuba. Gamzaki ke nan: tauraro ɗaya ne muke kira da suna biyu.

Ni kaina a lise na haddace sunayen nan da Faransanci, na ci jarrabawa da su, ba tare da wani ya taɓa fitar da mu fili ya nuna mana ko ɗaya da yatsa ba. Alhali manomin Adar yana lissafin damina da taurarin da malamai suke ƙirgawa, Surayya da Dabaran da sauransu, makiyayi kuma a wajen Abalak da Cintabaraden yana bin hanya da su cikin dare. Abzinawa suna kiran Kaza da ƴaƴanta Shat Ahad, ma'ana ƴan matan dare, suna kuma da Amanar, wato jagora. Ko a littafi ba mu zo baƙi ba: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafi da taurari. To, wa zai miƙa wa yaran yau wannan, su da idonsu yake kan salula tun magariba?

Bikin da ake kashe wa kuɗi a ƙasashen waje, maigida yana iya yin irinsa da abin da ke cikin gida. A ajiye ƙwallon ƙafa a bakin fili, a ce ita ce rana. Duniyarmu ƙwayar gero ce tak, a ba ƙaramin yaro ya kai ta mita 24. Zara ita ma ƙwayar gero ce, a mita 17. Mushtari, babban cikinsu, bai wuce ƙaramin goro ba, kuma sai an yi tafiyar mita 123. Wanda aka ba Naftun kuwa, da ƙwayar wake a hannu, zai wuce mita 700, har sai an aika a kirawo shi cin tuwo. Yaron da ya yi wannan tafiya da ƙafarsa ya fahimci nisan da ke tsakaninsu fiye da wanda ya kwafe zanen allo, kuma ba mai tsorata shi da cewa za su yi karo.

Da dare kuma sai a koya masa bambancewa: tauraro na ainihi yana ƙyalƙyali, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. In wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne gare mu, sama takan ƙara fitowa sarai. Wanda yake da madubin hange irin na hannu biyu, ya jingina shi bisa katanga don kada ya yi rawa, ya dubi Mushtari: zai iya ganin wasu ɗigo a gefensa, watanninsa ne manya guda 4, waɗanda Galileyo ya gano a 1610. Sai dai kul, kada a dubi rana da shi ko sau ɗaya, makanta ce.

Masana sun lissafa cewa ranar 8 ga Satumba 2040 biyar ɗin nan da ido ke gani za su cunkushe wuri ɗaya a yamma, tare da jinjirin wata. Lokacin ƙarshen damina ne a Adar, sai a yi fatan hadari ya ba da fili.