Makaranta Madubin Jama'a: Nazari Daga Ƙasar Birnin Gwari

Wanda ke so ya san halin wata al'umma, ya leƙa makarantarta. Ya dubi wanda ke ɗaukar nauyinta, da harshen da ake koyarwa da shi, da irin mutumin da ake nufin a yaye. Amsar waɗannan abubuwa uku takan bayyana yadda jama'a suka tsara zamansu, gama makaranta ba ta fin ƙarfin garin da ya gina ta.

A fara da makarantar allo, wadda ta riga boko a ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. Wajen 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai 25,000, almajiransu kuwa wajen 250,000. Ba baitulmali ke riƙe da su ba. Iyaye su ba da kuɗin Laraba, maƙwabta su ba da abinci, almajirai su yi wa malam noma da damina, in rani ya yi a tafi ci-rani neman karatu. Darajojinta, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, har alaramma da gwani, sun yi daidai da zaman jama'ar da ke girmama na gaba, kowa ya san matsayinsa. Haka kuma tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jaji ke kai karatu ga mata har ƙauyuka, ya dace da al'ummar da matan aure ba su cika fita ba.

Da Turawa suka zo, sai suka gina makaranta bisa siffar mulkinsu. Tun da ta hannun sarakuna suka zaɓi su yi mulki, sai suka taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai da masu sana'a, da Hausa cikin rubutun boko. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ma mutane kaɗan ta ɗauka. Abin da ake bukata shi ne malamai da ma'aikatan En'e, ba a nufi kowane ɗan talaka ya yi karatu ba. Watau ƙanƙantar boko a Arewa tsari ne, ba haɗari ba.

In an ƙetare iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, sai a ga wani madubi dabam, alhali kuwa jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya. Faransa ƙasa ce da ke tattara iko a babban birni, dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 kuma sun sa ilmin firamare ya zama kyauta, na tilas, ba ruwansa da addini. A ƙasashen da ta mallaka da Faransanci kaɗai aka koyar, masu hazaƙa kuwa a aika da su makarantar William Ponty a Senegal. Sai a 1957 aka buɗe madarasa a Say mai haɗa Larabci da Faransanci, a 1973 kuma aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Saboda haka ɗan Katsina ya fara boko da harshen uwarsa, ɗan'uwansa na Maraɗi da harshen mai mulki.

Ƙasashe masu nisa ma haka abin yake. A Jamus, inda sana'ar hannu ke da daraja tun zamanin ƙungiyoyin masu sana'a, a yawancin jihohi akan raba yara bayan aji huɗu, da yawa kuma sukan haɗa makaranta da koyon aiki a masana'anta. A Japan, wadda ta kafa tsarin ilmi na ƙasa a 1872, yara da kansu ke share ajinsu, don jama'arsu ta ɗauki aikin gayya da muhimmanci. A Ingila kuwa dokar ilmi ta 1944 ta kai ga rarraba yara da jarrabawa suna da shekara 11, daga baya aka yi ta sukar tsarin cewa yana tabbatar da bambancin masu hali da talakawa.

To, a komo gida. Bayan mulkin kai Nijeriya ta nemi makarantar da za ta haɗa kan ƙasa: shirin ilmin firamare ga kowa a 1976, hukumar ilmin makiyaya a 1989, dokar ilmin bai-ɗaya a 2004. Amma batun harshe ya nuna irin kokonton da ƙasar ke ciki. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida, a 2022 aka faɗaɗa wannan har aji shida, sa'an nan a Nuwamba 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar sokewa, aka koma ga Ingilishi.

Ƙasar Birnin Gwari ta isa misali. Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani ne ke zaune cikinta, noma da kiwo ne abin yinsu, ga kuma haƙar zinariya. Yaron ƙauye a gunduma irin ta Kutemeshi yakan yi allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da yamma, da damina kuma gona ta janye shi. Larabci a nan, Ingilishi a can, Hausa a kasuwa, wani kuma da harshensa na gida. Makarantu uku kan yaro ɗaya alama ce ta jama'ar da ba ta riga ta daidaita kan irin mutumin da take so ta yaye ba.

Daji kuma ya ƙara nasa. A ran 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga firamaren Rama a ƙasar Birnin Gwari suka tafi da malamai uku. A ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun mai maƙwabtaka, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. A Nuwamba 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da waɗansu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Inda hanya ta rufe, malami ba ya zuwa. Inda kasuwa ta ci, uba kan iya barin ɗansa ya zauna a aji.

Darasin da ke nan ga masu horar da malamai shi ne, ba a aron tsarin makaranta kamar yadda ake aron riga. Tsarin Jamus yana tsaye ne bisa masana'antu, na allo bisa maƙwabtan da ke ciyar da almajiri, da wannan ginshiƙi ya raunana kuwa sai bara ta yi yawa. Lalle ne malamin da za a tura Kutemeshi ya san harshen yaransa, da lokacin shuka da girbi, da malamin tsangayar da ya riga shi samun amanar iyaye. In bai san waɗannan ba, ko wace irin manhaja ya ɗauko daga Kaduna, a cikin jaka za ta ƙare.