Kamewar injin tarakta

Kamewar inji yanayi ne da sassan cikin inji ke mannewa da juna har ya kasa juyawa, ko da kik ko da hannu. Matsalar ta fi yawa a tsofaffin taraktocin noma da aka ajiye tsawon lokaci ba a tayar da su ba. Sau da yawa ana iya sakin injin da ya kame a mayar da shi bakin aiki, amma hakan ya danganta da abin da ya kamar da shi da kuma irin haƙurin mai gyaran, domin gaggawa tana iya jawo ɓarnar da ta fi ta farko tsada.

Yadda abin ke faruwa

A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka, kewaye da zobban ƙarfe da ke goga bangon silindar. Sandar da ake kira kwanrod ita ke haɗa fistin da karanshaf, wanda ke mayar da wannan hawa da sauka ya zama juyi. Tazarar da ke tsakanin fistin da bangon silinda ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma duk fistocin a kan karanshaf guda suke. Saboda haka idan fistin ɗaya ya manne, injin gaba ɗaya ya tsaya.

Dalilai

Dalili na farko shi ne tsatsa. Yawancin taraktoci salansarsu a miƙe take tana kallon sama. Idan aka bar ta a buɗe, ruwan sama yana gangarawa ya shiga silindar da bawul ɗinta na fitar da hayaƙi ya tsaya a buɗe. Ruwan lagireto ma yana iya shiga idan gasket ɗin kan silinda ya lalace. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta cike tazarar ta riƙe zobban.

Na biyu shi ne zafi ko rashin baƙin mai. Fistin na alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfen silinda ke buɗewa idan ya ɗauki zafi. Idan ruwa ya ƙare a lagireto, fistin yana kumbura ya goge bango har ya manne. Idan kuma mai ne ya yanke, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ne ke narkewa ya riƙe shi. Wannan ne kanikawa ke cewa inji ya buga.

Na uku shi ne cikar silinda da ruwa ko man gas. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka fistin ba ya iya ƙarasawa sama.

Tarihin injin yana taimakawa wajen rarrabewa. Wanda aka kashe lafiya lau aka ajiye, galibi tsatsa ce ta kama shi. Wanda ya mutu yana tsakiyar aiki, bayan ƙara ko zafi, jiƙa shi da mai ba zai yi amfani ba, sai an kwance shi.

Bincike kafin gyara

Ba duk injin da ya ƙi juyawa ne ya kame ba. Kik yana iya maƙalewa a haƙoran fulawil, giya tana iya kamewa, haka ma famfon ruwa. Don haka bakanike yakan cire batir, ya saka giya a firi, ya taka kuloci, ya cire fambel da kik, sannan ya gwada juya injin. Bayan haka sai ya tsiyaye baƙin mai ya duba. Idan ya yi fari kamar madara, ko ruwa ya riga mai fitowa, ruwa ya shiga. Idan akwai ɓarɓashin ƙarfe, metal ya ci. Ana kuma buɗe murfin bawul a ƙwanƙwasa kowanne a hankali a ga ko yana motsi, domin juya inji alhali bawul a kame yake yana lanƙwasa sandar da ke tura shi.

Jiƙawa da girgizawa

Ana cire nozul a injin dizal, ko fulogi a na fetur, a zuƙe ruwan da ke ciki, sannan a zuba mai mai ratsa tsatsa a kowace silinda. Wasu suna amfani da man gas ko kananzir, wasu kuma suna haɗa man giyar atomatik da asiton rabi da rabi. Jiƙon yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, ana ƙarawa a kai a kai. Silindar da manta ya ƙi sauka ita ce aka fi zargi.

Daga nan sai a fara gwada motsa karanshaf gaba da baya. Hanya ɗaya ita ce a saka babbar giya a riƙa girgiza tayar baya. Wata kuma ita ce a ɗana sandar ƙarfe a haƙoran fulawil ta ramin kik. Da zarar ya motsa ko kaɗan ne, sai a ƙara mai a ci gaba da kai da komo har ya zagaya. Jan taraktar da wata mota a sake mata kuloci kwatsam yana karya zobba, yana lanƙwasa kwanrod, yana kuma iya fasa silinda.

Buɗe injin

Idan jiƙo bai yi ba, sai a cire kan silinda a kankare tsatsar da ke saman fistin. Ana ɗora guntun katako mai faɗin fistin a buga da guduma. Bugun yana amfani ne idan fistin yana tsakiyar tafiyarsa, domin idan yana can sama ko can ƙasa, ƙarfin bugun a kan metal da karanshaf yake sauka. Ana iya kuma cire kaskon mai na ƙasa a kwance kwanrod ɗaya bayan ɗaya har a gano fistin da ya kame.

A nan ƙirar injin tana da muhimmanci. Ferguson TE20, wadda aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, silif ɗin injinta na fetur irin wanda ruwa ke taɓawa kai tsaye ne, kuma yana iya biyo fistin ya taso idan an cire kan silinda, sai an danne shi da noti da wasa. Injin Perkins mai silinda uku da ke cikin Massey Ferguson 135, wadda ta fito a 1964, silif ɗinsa busasshe ne da ake matsawa cikin gangar injin. A duka biyun ana iya sauya silif da fistin da zobba ba tare da an jefar da gangar ba.

Bayan ya saki

Ana juya injin sau da yawa kafin a mayar da nozul, domin ragowar man jiƙo ya fita. Sai a sauya baƙin mai da filta, a fitar da iska daga layin man gas, a tayar da shi a hankali ana lura da ƙarfin mai da zafi. Hayaƙi na ɗan lokaci ba matsala ba ne. Amma idan ya ci gaba da shan mai ko ya rasa ƙarfi, alama ce zobba sun manne a gurbinsu ko tsatsa ta rarake bangon silinda.

Tsaro da rigakafi

Ana tare tayoyi da dutse ko katako, kuma ba a shiga ƙarƙashin tarakta tana kan jak kaɗai. Asiton da kananzir suna kama wuta da sauri.

A arewacin Najeriya, inda aka taɓa harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, yawancin aikin tarakta a farkon damina yake. Bayan an gama huɗa takan yi watanni a ajiye, wani lokaci a fili ruwa yana dukanta. Kifa gwangwani a bakin salansa, ajiye ta a rumfa, da tayar da ita ta yi zafi lokaci zuwa lokaci suna hana yawancin kamewar tsatsa.